Yadda Matan Jidda Suka Mayar da Hammajoda Kara

A Bukuru har yanzu akwai masu buɗe baki su ce Hammajoda ne ya katse wa Malam addu'ar rufe tafsiri. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Wasunsu ma ranar ko masallacin ba su je ba, suna gida suna gadin kunun shan ruwa, amma ka ji su a majalisa sai ka rantse su ne suka riƙe makirfo. Bawan Allah ya yi wata guda yana zirga-zirga da azumi a bakinsa, ruwan sama na dukansa, ya rame har wandonsa na neman barinsa a hanya, ladan da aka ba shi ke nan. To, ga yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Hammajoda ɗan Alhaji Jika ne, Jikan nan na Kara, kasuwar shanu, wanda in ya hango bijimi daga nesa zai gaya maka ƙauyen da ya ci ciyawa. 'Ya'yan Alhaji maza duk a cikin shanu suka buɗe ido, ban da wannan. Shi tun yana rarrafe abu mai sukurori yake bi. Rediyon gidansu ya kwance ta, agogon bango ya kwance shi, keken ɗinkin innarsa kuwa sai da aka ɗauko mai gyara daga cikin Jos kafin ya sake ɗinka ko hular jariri. Da ya girma sai ya tare a kafe ɗin Badung, wani mutumin Birom mai fara'a da ya buɗe shagon intanet a bayan masallacin unguwarsu, ya ɗora ƙaton dishi a kan rufi kamar murfin tukunyar biki. Nan Hammajoda ya haddace kwamfuta ciki da waje, har mutane suka fara ce masa Injiniya. Uban in ya ji sunan sai ya kau da kai.

"Injiniyan me? Mutum ya doshi talatin bai taɓa riƙe igiyar sa ba, sai zama gaban gilashi kamar amarya."

Da azumin 2006 ya matso, sai wata dabara ta faɗo wa Hammajoda. A masallacin nan akwai Malam Isa, dattijo mai sanyin murya, wanda yake tafsiri kullum bayan la'asar. Mutanen Jos kuma kun san su, ba inda ba su watsu ba: Jidda, Makka, Kartum, Dubai, Landan, har da 'yan makaranta a Maleshiya da ke kukan kewar ƙosai. Dukkansu kaset suke jira, kaset ɗin kuma sai bayan babbar salla yake isa. Wadda ta fi kowa mita a kan haka ita ce Goggo Mairama, yayar Alhaji Jika, da ta tare a Jidda wurin 'yarta. Ita kaɗai ce a duniyar nan Alhaji yake tsoro. In ta kira shi a waya, miƙewa tsaye yake yi ya gyara hula, kamar tana ganinsa.

Hammajoda ya sami uban a zaure ya durƙusa.

"Baba, waya ɗaya nake so a ja, daga amfilifayar masallaci zuwa shagon Badung."

"Ta yi me?"

"Ta kai muryar Malam Jidda. Yana faɗa suna ji."

"Wayar da da ƙyar za ta haye katangar Badung ita ce za ta haye teku?"

"Goggo za ta ji tafsiri a falo, Baba, ba sai ta jira kaset ba."

Da jin sunan Goggo Alhaji ya shafa gemu.

"Na yarda. Amma ka buɗe kunne. Ni ne shugaban kwamitin masallacin nan. In abin nan ya jawo mini magana, da hannuna zan zare wayar, kuma ana sauka daga idi, washegari ka bi 'yan'uwanka Kara. Ba kwamfuta, ba Badung, ba Injiniya."

Hammajoda ya ce ya ji. Shi a ganinsa an gama, ya tsira daga kashin shanu har abada.

Kuma fa ba da ka ya yi aikin ba, a daina cewa wai wasa ya je yi. Ya san dishin Badung ba kogi ba ne. Mai buɗe wasiƙa a intanet ɗiba ɗaya yake yi ya tafi, amma mai sauraren tafsiri kafa baki yake yi a famfo, muddin yana ji yana riƙe da rabonsa. Inji ɗaya da dishi ɗaya ba za su ɗauki taron ba. Sai ya haɗa tsofaffin kwamfutoci uku ya mai da su injinan raba murya. Ɗaya ya ajiye a wurin Badung, ɗaya a wani kafe da ke Katako, inda garin katako ke shiga har cikin shayin mutum, ɗaya kuma a kafe ɗin wata Madam Nkoli a Gada Biyu. Murya ta fito daga masallaci ta shiga injin Bukuru, shi kuma ya miƙa wa sauran biyun. Sannan ya yi shafi guda a intanet, ya sa shi ya zama kamar mai tsaron ƙofa. Wanda ya fara latsawa a tura shi Bukuru, na bayansa Katako, na bayansa Gada Biyu, a sake zagayowa. Layi-layi, ba son kai, kamar rabon abinci a gidan suna.

Kwanakin farko abin ya yi kyau har ya ba da tsoro. Goggo ta kira ƙanenta tana kuka, ta ce ta ji har tarin ladan. Alhaji Jika ya fara tafiya a unguwa kamar shi ya ƙera dishin. Wani ya rantse ya ji shi a Kara yana cewa, "Ai yaron nan tun yana ciki na san kansa na ja." Ka ji mutum!

Sai matan Jidda suka shigo da halinsu.

Abin da Hammajoda bai lissafa ba shi ne akwai mutanen da in sun zauna ba sa tashi. Ɗan makaranta zai saurara kaɗan ya kashe ya tafi aji. Ɗan kasuwar Dubai zai ji rabi, kwastoma ya shigo, ya kashe. Amma Goggo Mairama da ƙawayenta, Hajiyoyin Jos da ke zaune a Jidda da Makka, tun ranar da 'ya'yansu suka kunna musu ba wadda ta sake bari aka taɓa. Shi kuma da kyakkyawar niyya, in an tashi daga tafsiri yakan bar karatun Alƙur'ani yana tafiya har gobe, don kada layin ya zauna shiru. Shi ke nan ya ɗaure kansa. Wa zai kashe karatu yana tafiya? An ce Goggo ƙyalle ta samu ta lulluɓe wurin kashewar, ta kuma kafa doka duk jikan da ya matso kusa da kwamfutar sai ta tsine masa. Ta bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya tana gargaɗi: "Kada wadda ta kashe. In kin tashi wata za ta zauna a wurinki." Yadda suka saba shimfiɗa darduma su kama sahu tun hantsi, haka suka shimfiɗa ta a cikin injin bawan Allah.

Da a ce sun rabu daidai a injina ukun, da da sauƙi. To rannan aka tafka ruwan nan na ƙarshen damina, irin wanda ke sa dutsen Jos ya yi tururi. Aka ɗauke wuta a cikin gari, janaretan Katako ya ƙi tashi, dishin Madam Nkoli ya daina gani. Duk wanda ke kan injinan nan biyu ya faɗo, aka sake latsa masa, ya sami Bukuru kaɗai a buɗe, ya shige. Da aka dawo da wuta, Katako da Gada Biyu suka tashi garau, suna jiran baƙi. Ba wanda ya koma. Me zai mai da su? Sun sami wuri, sun miƙe ƙafa.

Injin Bukuru ya fara nishi kamar motar itace a hawan tudu. Muryar Malam ta fara yankewa, kalma ɗaya sai ta fita gutsure-gutsure, dattijon da bai taɓa in'ina ba a rayuwarsa ya koma mai in'ina a ƙasashe bakwai. Su kuwa injinan can biyu suna zaune suna shan iska, na Gada Biyu har gizo-gizo ya fara yi masa saƙa. Abin haushin ma, mai tsaron ƙofar nan bai san komai ba sai layi. Duk mutum na uku da ya zo, sai ya ƙara cusa shi Bukuru, wai ai layinta ne.

Badung ya fito yana riƙe da kai.

"Hamma, Goggo naka zai kashe mini shago. Kwastoma ya zauna tun safe, wasiƙa ɗaya bai buɗe ba. Wani ya zo duba sakamakon jarrabawa, har ya yi barci ya tashi, abu yana juyawa."

"Oga, ka ba ni yau."

"Jiya ma yau ka ce."

Hammajoda ya zauna ya gyara mai tsaron ƙofa. Ya koya masa ya daina bin layi, ya riƙa tambayar injinan lokaci-lokaci mutum nawa ke kansu, duk wanda ya zo a tura shi inda ya fi sarari. Dabara ce mai kyau, ko maƙiyinsa zai yarda. Sai dai sabon zuwa take yi wa aiki, su kuwa waɗanda suka danne Bukuru ba sababbin zuwa ba ne, mazauna ne. Ba abin da zai motsa su sai an tashe su.

Ya sayi kati ya kira Jidda.

"Goggo, barka da shan ruwa."

"Wane shan ruwa, mu nan ma da saura. Hamma, me ya sami Malam? Ko sanyin Jos ne ya kama masa maƙogwaro? A dafa masa citta."

"Lafiyarsa ƙalau, Goggo. Kun yi yawa ne a wuri ɗaya. So nake ki kashe, ki sake kunnawa, sai a kai ki Gada Biyu."

"Gada Biyu? Me zan yi a Gada Biyu? Ni 'yar Bukuru ce, uwata 'yar Bukuru ce."

"Ba ke za ki je ba, Goggo, inji ne. Murya ɗaya ce."

"To in murya ɗaya ce me ya sa zan tashi? Ka tashi Hajiya Ana mana, ita da ta zo jiya-jiya. Ni tun daren farko nake nan."

"Goggo, minti ɗaya..."

"Kai, rufe mini baki. Ana karatu ka ce in kashe? Haka Jika ya tarbiyyantar da kai? Bari in kira shi."

"A'a, Goggo, don Allah, bar shi. Zauna abinki."

Ta zauna kuwa. Har da gyara zama.

Ya rage nasa. Yana iya tashin mutum daga nan Bukuru, maɓalli ne kawai zai danna layin mutum ya yanke, in an sake latsawa mai tsaron ƙofa ya kai shi inda babu cunkoso. Amma a ina zai yanke? Shi ma ɗan Musulmi ne, hannunsa ba zai iya katse aya a tsakiya ba. In mai jan baƙi ya yi shiru Malam ne ke fassara, nan ma ba dama. Ya yi ta tunani a kan acaba tsakanin Bukuru da Katako, har ɗan acaban ya tambaye shi ko rasuwa aka yi masa. Can sai ya tuna. Kullum kafin addu'ar tashi, Malam yakan ajiye littafi a miƙo masa sanarwa: ɗaurin auren wane, sunan gidan wane, an tsinci makulli, akuyar wance ta ɓata. Ba aya, ba hadisi. Wa zai damu da akuyar Bukuru yana zaune a Jidda?

Wayyo Hammajoda. Kwamfuta ya sani, bai san mutane ba.

Ranar da ya gwada, Malam na ɗaukar sanarwa ya dinga tashin Hajiyoyi kaɗan-kaɗan. Abin ya yi aiki kamar sihiri. Nauyi ya rabu, injin Bukuru ya numfasa, muryar Malam ta fito tas, kwastomomin Badung suka ga wasiƙunsu har wani ya yi kabbara. Badung ya saya masa lemo ya ajiye masa na shan ruwa.

A Jidda kuwa tashin hankali ake yi. Su Goggo ba su iya latsawa da kansu ba, sai an nemo jika ko suruki, kafin a dawo an wuce wurin. Kuma abin da kunnensu ya kama na ƙarshe shi ne Malam yana cewa, "Ana sanar da jama'a rasuwar Hajiya..." sai ɗif.

Wace Hajiya? Bukuru Hajiya ɗaya ce da ita? Kafin a kira magariba, ba gidan da ke da Hajiya a garin nan da waya ba ta shiga ba daga Saudiyya, ana kuka ana salati. Wata tana tsaka da soya ƙosai aka kira ta aka yi mata ta'aziyyar kanta. Wata da ta ɗauka ta ce "Salamu alaikum", ƙawarta a Makka ta saki wayar ta zube. Akwai wadda kawai ƙafarta ke ciwo, ta ji an ce an riga an yi mata ɗawafi, ta yi fushin da har salla ba ta huce ba, wai ashe jira ake yi. Marigayiyar gaskiya kuwa, Allah ya ji ƙanta, wata tsohuwa ce daga wani ƙauye can, ba wadda ta san ta a cikinsu.

Ashe sanarwar nan ita ce rabin abin da ya zaunar da su. Tafsiri suna so, ba a ce ba sa so ba, amma ta ina za su san wa ya aurar, wa ya haihu, wa aka yi wa kishiya, in ba a nan ba? Ko akuyar ma, sai sun tambayi ta wace ce.

Goggo ta kira ƙanenta. Ba wanda ya ji abin da ta faɗa, amma an ga Alhaji Jika a tsaye a tsakar gida, hula a hannu, yana ta "To Yaya, na ji Yaya, Allah ya huci zuciyarki Yaya", har kunun gabansa ya yi sanyi. Yana ajiye wayar ya aika a kira Injiniya.

"Kai ne mai kashe mutane da ransu?"

"Baba, nauyi ne ya yi wa inji ɗaya yawa, na ce bari in..."

"Inji! Ni za ka gaya wa nauyi? Tirela nake lodawa tun ba a haife ka ba. Saura kwana kaɗan a rufe tafsiri. Daga yau kada ka sake tashin kowa da hannunka. Ranar rufewa kuma, in Yaya ta rasa ko da amin ɗaya ce, ka nemo takalmin roba."

To jama'a, a duba wannan lamari. An hana shi tashin kowa, an kuma ce kada murya ta yanke. Ranar rufewa kuma ita ce ranar da kowa ke zuwa, har waɗanda ba su saurari ko harafi ba duk wata, don a shafa da su. Kafin ranar ma an sake ɗauke wuta a cikin gari, taron ya sake tarewa a Bukuru, injin ya koma nishinsa. In aka shiga addu'a a haka, in'ina za a yi wa Ubangiji a madadin Malam.

Sai ya yanke shawarar zuwa wurin Malam Isa da kansa. Tunda Hajiyoyin ba sa jin maganar kowa sai tasa, shi ya roƙe su su tashi da kansu. Ya same shi a soro bayan azahar, ya zube ya gaishe shi, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce mutanen Makka su fara kashewa su kunna, in an jima na Jidda, in an jima sauran. Ya maimaita, ya sake maimaitawa.

"Allah gafarta Malam, kaɗan-kaɗan. Kada su yi tare. In suka yi tare, komai zai zube."

Malam ya yi murmushi ya dafa kansa.

"Allah ya yi maka albarka, Hamma. Ka hidimta wa addini. Zan gaya musu."

Hammajoda ya fito har da ɗan tsalle.

Ranar rufewa masallaci ya cika ya tumbatsa har bakin titi. Hammajoda na shagon Badung gaban kwamfuta, lasifikar masallaci na shigo masa ta taga. Malam ya kai ƙarshen sura, ya rufe littafi, ya gyara murya.

"'Yan'uwanmu na ƙasashen waje, ɗanmu Hammajoda ya roƙi alfarma, ku kashe na'urarku ku sake kunnawa don addu'a ta isa gare ku da kyau. Ya ce a yi wasu kafin wasu. To amma ni ban ga dalilin da za a fifita na Makka a kan na Jidda ba a rana irin ta yau, dukkanku ɗaya kuke a wurina. Abin alheri a jam'i ya fi. Ku haɗa niyya. Bisimilla, a kashe."

Hammajoda ya miƙe tsaye ya ƙwalla ƙara, "Malam, a'a!" Wa zai ji shi? Katanga ce a tsakani.

Mutanen da suka yi wata guda ana roƙonsu suna ƙi, yau liman ya yi magana. Ko sahun salla bai taɓa daidaita haka ba. Daga Makka har Maleshiya, hannu ɗaya, aka kashe. Goggo da kanta ta yaye ƙyallen. A gilashin Hammajoda injina uku suka koma wayam, kamar an share kasuwa. Sannan duniya gaba ɗaya ta latsa a lokaci guda.

Mai tsaron ƙofa ya duba, abin da ya sani na ƙarshe shi ne Gada Biyu ce ta fi sarari. Kafin ya sake tambaya, ya riga ya tura kowa da kowa can. Tsohon injin Madam Nkoli, da bai taɓa ganin taron da ya wuce na cikin tasi ba, ya ga garke ya nufo shi, ya sandare. Mutane suka ji shiru, suka sake latsawa, suka sake, wasu da yatsa biyu. Garken ya juya Katako ya tattake shi. Ya kwaso ya dawo Bukuru, injin Badung ya yi wani ƙugi, gilashi ya daskare.

A masallaci Malam ya ɗaga hannu ya fara addu'a, irin mai sa manyan maza hawaye. A ƙasashen waje ko tari ba a ji.

Hammajoda ya tayar da na Bukuru, yana tashi suka sake danne shi. Ya kira Madam Nkoli ya ce ta kashe nata ta kunna, ta ce wanne daga ciki, ta zare na firij. Ya fito da gudu ya haye acaba zai tafi Katako, ga cunkoson masu sauri su isa gida kafin shan ruwa. Ko fita Bukuru bai yi ba ya ji amin ta ƙarshe ta tashi daga lasifika kamar aradu. Ya ce wa ɗan acaban ya juya.

Da ya iso, ya tarar da uban a bayan masallaci, babbar riga a naɗe a kafaɗa, waya na ta ruri a aljihunsa ya ƙi ɗauka. Alhaji Jika da kansa yake bin katanga yana ɓalle wayar daga ƙusoshi, yana naɗe ta a gwiwar hannu yadda ake naɗe igiya.

"Baba, ba ni ba ne. Na ce kaɗan-kaɗan. Kowa ya ji Malam da bakinsa ya ce..."

"Au, Malam ne ya yi laifi?"

Jama'a sun taru, kowa ya zuba ido. Wa zai ce Malam ya yi laifi, a bayan masallaci, ranar rufe tafsiri? Waɗanda suka ji komai da kunnensu duk suka sunkuyar da kai suna duba takalmansu. Badung ne kaɗai ya buɗe baki, "Alhaji, gaskiya yaro ya yi ƙoƙari", aka ce masa wannan maganar cikin gida ce. Hammajoda ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"A'a, Baba. Ni ne."

Washegarin idi, da sabon ɗinkinsa ko wanki bai gani ba, ya bi 'yan'uwansa Kara.

Wai kuma don a ƙara masa takaici, sai hannunsa ya karɓi shanun. Mutumin da ya yi fama da Hajiyoyin Jidda, bijimi mai taurin kai wasa ne a wurinsa. Ba ya gajiya, ba ya faɗa da masu saye, lodin mota kuwa in ya tsara ba dabbar da ke danne wata har Legas. Cikin 'yan watanni Alhaji ya daina zuwa da sassafe, ya bar masa.

Da azumi ya sake zagayowa, waya ta fara damun kwamiti daga ƙasashen waje, ana tambayar yaushe za a kunna. Suka nemi wanda zai iya, ba su samu ba. Wani ya zo ya kalli injinan ya ce sai dai a sayar wa masu gwangwan. Sai ga dattawan kwamiti, waɗannan dai da suka duba takalmansu, sun taka har Kara cikin taɓo suna ɗage riguna. Suka sami Hammajoda yana duba haƙoran wani sa. Suka ce abin da ya wuce ya wuce, a yi haƙuri, Malam ma yana tambayarsa. Hammajoda ya ɗago kai. Ya saki bakin san, ya goge hannu a riga, har ya fara lissafin inda zai samo inji na huɗu. Ya ce shi ba shi da ta cewa, sai abin da Baba ya ce.

Alhaji Jika na zaune a benci yana jin su. Ya kalli dattawan, ya kalli ɗansa, ya kalli tirelar da ake jira a loda.

"Wa zai riƙe mini shanun?" in ji shi. "Ku aika musu kaset."